Buhu Nawa Ne Alhamdulillahi?

Akwai wani saurayi mai suna Mannir, daga wani ƙauye a bayan Malumfashi da za mu kira Unguwar Tsamiya. Na ce "za mu kira" don na san halinku. In na faɗi sunan garin na gaskiya, gobe sai wani ya hau babur ya je yana nuna gidajen mutane da baki. Sunayen ma duk na sauya.

Mannir manomi ne ɗan manomi. Hannunsa duk kanta, yatsunsa kaurara, irin waɗanda in ya danna harafi ɗaya a waya sai maƙwabcin harafin ya biyo shi. Amma tun da ya gama sakandare ransa yake kan kwamfuta.

Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, gonar gida tana hannun yayansa. Shi kuwa yayan, in ka ce mashi kwamfuta, sai ya tambaye ka ko da miyar kuka ake cin ta. Wanda ya tsaya wa Mannir shi ne Kawu Mudi, ƙanen mahaifiyarsu, dattijo mai raha da son tsafta, wanda ko gona za shi sai ya karya hula.

"Ku sake mani yaron nan ya je Funtua," in ji Kawu Mudi. "In ya ci, namu ne duka. In bai ci ba, fartanyarsa tana nan a bayan ɗaki, ba wanda zai sace ta."

Yayan ya yarda, amma da sharaɗi. In aka kore shi sau ɗaya, ya dawo gona, kuma ba za a sake tada zancen ba.

Haka Mannir ya shiga wata cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Jabiri da ke Funtua, a saman wani shagon taki da maganin feshi. Malaminsu shi ne Malam Habeeb, Bayarabe haifaffen Funtua, wanda in yana Hausa ba ka ga fuskarsa ba sai ka rantse ɗan Bakori ne.

Abin da suke koya shi ne rubuta wa kwamfuta umarni da wani yare da ake kira Python. Yadda aka fahimtar da ni, kwamfuta kamar ɗan aike take mai tsananin biyayya da ƙarancin dabara. Ka ce ta sayo gishiri, in babu gishiri sai ta tsaya a bakin shago har ka biyo sahu.

A ajin akwai Sadiq, ɗan Alhaji Buba, babban manomin da tirela ke kwasar masararsa. Sadiq yana da tasa kwamfutar ta hannu, kuma gaskiya yana da kai. Matsalarsa ita ce ya san yana da kan. Bai taɓa kiran Mannir da sunansa ba, sai "Sarkin Noma".

Akwai kuma Ozioma, wadda uwarta ke sayar da robobi da tukwane a kasuwar Funtua. A garin aka haife ta, bakinta kuwa ya fi barkono. Ita ce ke zama kusa da Mannir.

Da kaka ta yi, aka gama cire masara, sai Malam Habeeb ya ba su aikin ƙarshen zango.

"Kowa ya je ya samu manoma na gaske," ya ce. "Ku tambayi sunan kowa da buhun masarar da ya samu bana. Ku rubuta umarnin da zai jera su, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Kar a goge sunan kowa. Ranar rufe zango za mu gayyato iyayenku, a haska aikin kowa a majigi."

Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya wa Mannir a rai.

"Kwamfutocinmu ba za su ishe ku duka a zango na biyu ba. Wanda aikinsa bai tashi ba ranar, kujerarsa ta wani ce."

Sadiq ya juyo yana dariya. "Sarkin Noma, wannan ai a gonarka aka yi ruwa. Sai dai kar ka kawo mana taki a jikin fayil."

Mannir ya tattara littattafansa. Ya hau mota ya tafi gida.

Yawancin manoman Unguwar Tsamiya sun ba shi lamba. Wannan ya ce tara, wancan ya ce arba'in, wani ya ce tamanin da biyar. Wani mai tarakta ya buga ƙirji ya ce ɗari da ashirin, kuma a rubuta da kyau.

Amma kun san mutanenmu. Ba kowane manomi ne ke ƙirga amfaninsa a gaban mutane ba. Wani tsoron baki yake. Wani tsoron dangin da za su zo gaisuwa da buhu a naɗe a hammata. Wani kuma haka ya taso ya ga ubansa na yi.

Liman ya ce mashi, "Alhamdulillahi."

Alhaji Buba, uban Sadiq, yana da babbar gona a ƙauyen, iyaka ɗaya da ta Kawu Mudi. Mannir ya same shi a bakin gonar ana loda mota, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi tambayarsa. Alhaji ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ma? Jiya ɗana ya dame ni da wannan tambaya. Rubuta Alhamdulillahi."

Kawu Mudi kuwa yana zaune a ƙofar gida, hula a karye.

"Kawu, buhu nawa aka samu bana?"

"Alhamdulillahi, Manniru."

"Kawu, lamba ake so."

"To ai lambar ke nan. Yaushe ne ma ranar taku? Ni da 'yan majalisarmu duk za mu zo. Na gaya masu ɗana ne zai tuƙa injin."

Mannir ya rubuta abin da aka gaya mashi, ya koma Funtua.

Ya zauna gaban kwamfuta ya shigar da komai tiryan-tiryan. Inda aka ba shi lamba ya sa lamba. Inda aka ba shi Alhamdulillahi ya sa Alhamdulillahi. Ya rubuta umarnin jerawa, ya yi bisimilla, ya danna.

Sai jan rubutu ya cika ƙasan allo. A farkon layin ƙarshe an rubuta TypeError.

Ya sake dannawa. Ja. Ya kashe kwamfutar ya kunna, kamar yadda ake yi wa janareta. Ja. Ya hura allon madannai ko ƙura ce ta shiga. Ja dai.

Ozioma ta leƙo. "Malam manomi, hura ta kake? Ba murhu ba ce fa."

"Zagina take yi, Ozi. Tun ɗazu."

"Ba zagi ba ne. Kai da ka ga ja sai ka rufe ido. Karanta mana." Ta bi layin da yatsa. "Cewa take ba ta iya gwada rubutu da lamba ba. Jinsinsu ba ɗaya ba ne. Ka ce ta jera daga babba zuwa ƙarami, ta zo ta tarar da arba'in a gefe, Alhamdulillahi a gefe. Shi ne take tambayarka wanne ya fi girma."

"Wannan ai ko yaro ya sani. Alhamdulillahi ta fi."

"To gaya mata. Ni ba ruwana, kar a ce na shiga maganar addini."

Mannir ya yi tunani. In matsalar ita ce jinsinsu ya bambanta, to a mai da su jinsi ɗaya mana. Ya sa umarnin da ya mai da komai rubutu, har lambobin. Ya danna.

Jan rubutu ya ɓace! Sunaye suka fito a jere. Ya miƙe tsaye don murna.

Kuma kun san wani abu? Alhamdulillahi ce ta fito a sama. Mannir ya nuna wa Ozioma allon.

"Kin gani? Ita ma ta yarda."

"Ci gaba da karantawa, liman."

Ya ci gaba. Bayan masu Alhamdulillahi, mai buhu tara ne a sama. Mai tamanin da biyar yana ƙarƙashinsa. Mai tarakta, mai ɗari da ashirin, wanda ya ce a rubuta da kyau, shi ne can ƙasa kamar tabarma.

Dalili kuwa, da zarar ka ce wa kwamfuta lamba rubutu ce, sai ta daina ƙirga. Farkon abin kawai take duba. Ta ga tara ta fi takwas, takwas ta fi ɗaya, ta gama hukunci.

Sadiq ya zo wucewa ya tsaya. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Sarkin Noma, har yanzu kana nan? Ni tun shekaranjiya na gama. Duk wanda bai ba ni lamba ba, na ce ta ɗauke shi sifili. Layi ɗaya ne. Sifili lamba ce, ba ja, ba hayaniya. Ba ka goge kowa ba, sai dai su taru a ƙasa."

"Amma ai ba sifili suka ce ba."

"Su suka ƙi magana. Kwamfuta ba majalisar ƙauye ba ce, da za a zauna ana rarrashin tsofaffi."

Bayan ya tafi, Ozioma ta rage murya. "Bakinsa ba daɗi, amma dabarar za ta yi aiki. Kujerarka ce fa, Mannir. Ka sa sifilin ka huta."

Mannir ya ɗora yatsa kan madannai. Ya dubi sunan Kawu Mudi. Sai ya janye hannu.

"Bari in koma gida in lallaɓa su. Kawu dai ba zai hana ni lamba ba in na gaya mashi kujerata ce a kai. In ya faɗa, sauran ma sai in san yadda zan yi."

Ya isa Unguwar Tsamiya da hantsi. Kawu ya tafi jana'iza wani ƙauye, sai matarsa Inna Hajo a gida tana tankaɗe.

"Manniru, kai ne da rana tsaka? Bari in ɗauko maka tabarma."

Tabarmar baƙi tana ɗakin ajiya, inda Kawu ke jibge buhunan masara duk shekara. Mannir ya lura an sa wa ƙofar sabon kwaɗo, babba, mai sheƙi, irin wanda in ka gani daga zaure za ka ce lallai akwai abin tsarewa a ciki.

Inna Hajo ta buɗe ta shiga da sauri, tana neman turo ƙofar. Iska ta riga ta.

Ɗakin wayam. Katakon da ake ɗora buhuna yana nan a share. A kusurwa akwai buhu ɗaya da bai kai rabi ba, an naɗe bakinsa.

Suka dubi juna. Ta fito da tabarmar, ta mai da kwaɗon, ta zauna a kan turmi.

"Ba ka ga komai ba," ta ce.

"Inna, me ya faru?"

"Tsutsa ta fara ci. Abin da ta bari, ruwa ya kwanta a kai lokacin da masara ke goyo. Gonar ai ka san a kwari take." Ta goge hannu da zane. "Yayanka ma bai sani ba. Kawunka ya ce in dangi suka ji, za a ce ka baro Funtua ka zo ka yi noman rani. Shi ne ya je kasuwa ya sayo kwaɗo. Mutum ba shi da masara, ya sayo kwaɗo! Na yi dariya har na yi kuka."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Ranar taron naku yake ta lissafi. Ya kai babbar rigarsa wanki. Don Allah, in ya dawo, kar ka nuna mashi a fuska."

Bai jira dawowar Kawu ba. Ya san fuskarsa ba ta iya ɓoye abu.

A mota, hanyar Funtua, abin ya yi ta juya mashi. In ya sa wa Alhaji Buba sifili, kowa zai yi dariya ya ce injin ya yi kuskure, don kowa ya ga tirela. In ya sa wa Liman, za a ce ai malam ba ya ƙirga. Amma in sifili ya fito a gaban sunan Mudi, a bango, da manyan baƙaƙe, gaban 'yan majalisarsa da suka bi ta gefen gonar nan duk damina, ba wanda zai yi dariya. Shiru za a yi. Shirun nan kuwa ya fi dariya ciwo.

Ya shiga aji ya zauna kusa da Ozioma.

"Ka samo lambar?"

"A'a."

"To sifili."

"Ba zan sa ba."

"Saboda me?"

"Ba zan iya gaya maki ba."

Ta dube shi da kyau. Duk kaifin bakinta, ta san lokacin da ake yin shiru. "To me za ka yi?"

"Ke kika ce tambayata take wanne ya fi girma. Ni ne na tilasta mata gwada abin da ba ya gwaduwa. Akwai yadda zan ce mata ta duba kowane ɗaya tukuna, in lamba ce ta sa a layi, in ba lamba ba ce ta ajiye shi gefe yadda yake?"

"Akwai. Malam ya taɓa nuna mana umarnin da ke duba jinsin abu. Ranar kana gyangyaɗi."

"Ranar daga cirar masara na zo."

"Ban tambaye ka ba." Ta jawo kujera. "Amma ka sani, Malam jeri ɗaya ya ce. Kai za ka kawo biyu. Yana iya cewa ka saɓa, ka san shi da ƙa'ida. Sifili ba ya da wannan haɗarin."

"Na sani."

"Kujerarka fa."

"Na sani, Ozi. Nuna mani umarnin."

Ta nuna mashi sau ɗaya, ta koma kan nata aikin. Shi ya yi ta fama. Ja ya fito, ya karanta, ya gyara. Wani jan ya fito, ya karanta, ya gyara. Yanzu ya daina rufe ido. Akwai lokacin da mai buhu arba'in ya tsallaka cikin masu Alhamdulillahi, ashe tun farko Mannir ya shigar da arba'in ɗinsa a matsayin rubutu. Ya kamo shi ya mai da shi layi.

Ranar rufe zango ɗakin ya cika. Iyaye a gaba, ɗalibai a gefe, an rataya farin ƙyalle a bango. Alhaji Buba yana kujerar farko. Kawu Mudi ya shigo da babbar riga mai sitaci, 'yan majalisarsa a bayansa, yana nuna Mannir da sanda.

"Ga shi can. Mai dogon wuyan nan. Nawa ne."

Sadiq ne ya nemi a fara da shi. Ya fito yana taku, ya danna ba ko bisimilla. Sunaye suka zubo a jere, tsaf, daga babba zuwa ƙarami. Aka fara tafi.

Sai wani daga baya, irin mutanen nan da ba a gayyata amma ba sa fashi, ya karanta layin ƙarshe da ƙarfi.

"Alhaji Buba, sifili!"

Sannan wani ya tuntsire. Sai ɗakin ya ɗauka.

Alhaji Buba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Sadiq."

"Na'am, Alhaji."

"Wancan ni ne?"

"Alhaji, ai ba ka ba ni lamba ba ne, shi ya sa..."

"Me na ce maka?"

"Ka ce Alhamdulillahi."

"To a makarantar taku, in mutum ya gode wa Allah, sifili ake ba shi? Shinkafar da ka ci da safe, daga cikin sifilin ta fito?"

Na baya ya sake ɗaga murya. "Alhaji, in abin ya kai haka, a faɗa mana mu haɗa maka mudu-mudu!"

Sadiq ya rasa inda zai sa fuskarsa. Mannir kuwa bai yi dariya ba. Kawu Mudi yake kallo, wanda ya yi murmushin yaƙe, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Dattijon ya tuna amsar da shi ma ya bayar, ya kuma ga abin da injin ke yi wa masu irin amsar.

Aka kira Mannir.

Ya zauna. Ya yi bisimilla ya danna.

Ba ja. Mai tarakta ya fito a sama da ɗari da ashirin ɗinsa, sai tamanin da biyar, har zuwa mai tara. Sannan ɗan fili. Sannan wani kan magana: Waɗanda suka ce Alhamdulillahi.

Alhaji Buba, Alhamdulillahi.

Liman, Alhamdulillahi.

Malam Mudi, Alhamdulillahi.

Ba a yi tafi nan take ba, don Malam Habeeb ya ɗaga hannu. Ya matso ya karanta umarnin layi-layi, fuskarsa ba annuri.

"Mannir, jeri nawa na ce a kawo?"

"Ɗaya, Malam."

"Nawa ka kawo?"

"Biyu."

"Me ya sa? Ka san abin da ke kan wannan aikin."

Mannir ya saci kallon Kawu Mudi. Dalilin na gaskiya yana zaune a layi na uku cikin babbar riga, kuma ba zai faɗe shi ba ko da kujera goma ce.

"Malam, ka ce a jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Duk wanda ya ba ni lamba na jera shi. Waɗannan ukun ba lamba suka ba ni ba. In na sa su a sama na yi ƙarya, in na sa su a ƙasa na yi ƙarya. Kwamfutar ma ta gaya mani ba a gwada rubutu da lamba. Shi ne na ajiye masu abinsu yadda suka ba ni."

Malam Habeeb ya sake duba allon. Sai ya juya ga ɗalibai.

"Ku dubi nan da kyau. Jan rubutun nan da kuke tsoro, ba cewa yake ku rufe mashi baki ba. Cewa yake akwai abin da ba ku fahimta ba a cikin bayananku. Sadiq ya rufe mashi baki, aikinsa ya tashi, amma ya faɗi abin da ba a faɗa ba. Mannir ya saurare shi." Ya dafa kafaɗar Mannir. "Abin da bai da lamba ba sifili ba ne. Wannan darasin zango na biyu ne, ka riga mu zuwa. Kujerarka tana nan."

Kawu Mudi ya manta da sitacin rigarsa. Ya miƙe yana buga sanda a ƙasa. "Na gaya maku! Ban gaya maku ba?"

Game da Sadiq, Malam ya ce ba zai karɓi aikin da ya yi wa mutum ƙarya ba, amma ya ba shi zuwa la'asar ya gyara. Mutane suka fara fita. Sadiq ya zauna gaban kwamfutarsa, ya kasa ɗaga kai. Can ya ji an jawo kujera kusa da shi.

"Matsa in nuna maka," in ji Mannir. "Layi kaɗan ne."

Sadiq ya matsa. Sannan ya ce, "Na gode, Mannir." Ranar ce ya fara gano cewa mutumin yana da suna.

Ozioma ta wuce ta bayansu. "Oho, yau Sarkin Noma ne ke ba ɗan Alhaji taki?"

A bakin matakala, Alhaji Buba ya tsaya ya jira Kawu Mudi. Kar ku manta, gonarsu iyaka ɗaya. Duk abin da tsutsa da ruwa suka yi, a kan idonsa aka yi, bai dai taɓa cewa komai ba.

"Malam Mudi, ashe ni da kai layinmu ɗaya."

"Haka yaron ya rubuta, Alhaji."

"Ya rubuta daidai. Zo mu tafi a motata, ina da magana da kai. 'Yan majalisa su biyo ta haya."

Kafin ya shiga motar, Kawu ya jawo Mannir gefe. Ya dube shi ido cikin ido, irin kallon da ke nuna Inna Hajo ba ta iya riƙe magana ba.

"Manniru, injin nan naku ashe ya san kunya."

"Koya mashi aka yi, Kawu."

Dattijon ya gyara hularsa da ba ta karkace ba, ya juya da sauri ya shiga mota.

Abin da suka tattauna a hanya, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira maku ba. Abin da na sani, bayan an fara zango na biyu Mannir ya je gida hutun ƙarshen mako, ya ga sawun tayar babbar mota a bayan gidan Kawu, wajen da ba hanya ba. Kwaɗon nan yana nan a ƙofar ɗakin ajiya. Ya matsa kusa da Inna Hajo ya rage murya.

"Inna, buhu nawa ne a ciki?"

Ta ɗago daga kan tankaɗe, ta harare shi, tana danne dariya.

"Alhamdulillahi. Je ka rubuta."

Darasi: Wanda ya ce maka "Alhamdulillahi" bai ba ka lamba ba, kar ka yi mashi lissafi da kanka. Wani yalwa yake rufewa, wani rashi, kuma ba aikinka ba ne ka buɗe. In hanya mai sauƙi za ta kai ka gaba amma ta tona asirin wani, yi haƙuri ka nemi mai wuyar. Kai kuma ɗalibi, in ka ga jan rubutu, karanta shi kafin ka hura kwamfuta. Ku tura wannan labari ga ɗalibanmu da manomanmu, musamman abokin nan naku da ba ya gaisawa sai ya tambaya buhu nawa aka samu.